Ja Numfashi, Riƙe: Waiwaye kan Hoton Ƙirji daga Salka

"Baba, ja numfashi. Ƙara ja. Riƙe nan, kada ka motsa. To, saki."

Duk wanda aka taɓa tsayar da shi ba riga a ɗakin hoto, ƙirji manne da faranti mai sanyi, hannuwa a ƙugu, ya san kalmomin nan. Kusan su kaɗai suka rage ba su canza ba. Injin ya canza, abin da hoton ke fita a kai ya canza, har mai karanta shi ma yanzu ba lallai ne ya zama ɗan Adam ba. Umarnin mai ɗaukar hoto kuwa yana nan yadda iyaye suka ji shi.

Ga mutumin Salka, a ƙaramar hukumar Magama ta Jihar Neja, kafin ya kai ga jin kalmomin nan sai ya sha hanya. Garin Kambari ne, na manoman dawa da masara da gyaɗa. 'Yan mishan na UMS sun zauna a nan tun zamanin Turawa, suka kuma kafa asibitinsu a Tungan Magajiya, can ƙasar Rijau. Amma idan ciwo ya gagari ɗakin shan magani, ko aka yi mummunan haɗari, maganar ɗaya ce: a nemi mota, a nufi Kontagora. Kafin a kai ga neman motar ma, akwai waɗanda ake fara zuwa wurinsu. Wanda ya faɗo daga bishiya ya bugu a haƙarƙari, mai ɗori ne zai shafa ya faɗi ƙashi nawa ya karye. Wanda ƙirji ya yi wa nauyi, wanzami ne zai kafa masa ƙaho. Suna da gwaninta a hannu, babu musu, sai dai hannu ba ya wuce ƙashi. Abin da ke kashe mutum cikin awa ɗaya kuwa a bayan ƙashin yake.

Hasken da ke ratsa ƙashin, wani malamin kimiyya Bajamushe ne, Wilhelm Röntgen, ya yi kiciɓis da shi a birnin Würzburg ranar 8 ga Nuwamba, 1895. Bayan makonni shida ya ɗauki hannun matarsa, ƙasusuwa da zobenta suka fito sarai. A 1901 aka ba shi kyautar Nobel ta farko a fannin fiziks. Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, Marie Curie ta ɗora injin a kan motoci ta kai shi kusa da fagen daga, domin ta lura sojan da harsashi ke jikinsa ba ya iya jiran a kai shi Paris. Wato tun farko matsalar nisa ce. Mutanen Salka sun san ta fiye da kowa.

Wanda ya yi aikin asibiti kafin zuwan kwamfuta zai tuna yadda abin yake. Ana saka fim a cikin kaset, a ɗauka, mai hoto ya shige ɗakin duhu mai jar fitila, ya tsoma fim ɗin a ruwan magani kashi biyu, ya ɗauraye, ya rataye. Idan lamarin na gaggawa ne ba a jiran ya bushe. Likita kan karɓe shi yana ɗigar ruwa, ya ɗaga shi saitin taga. Idan an ɗauke wuta, sai a jira janareto. Idan ruwan maganin ya tsufa, ko zafin bazara ya sa shi ya lalace, hoton ya fito dishi-dishi kamar hazon hunturu, a sake ɗauka, dangi su sake lalube aljihu. Daga ƙarshe a miƙo babbar ambulan ruwan ƙasa, wadda za a riƙe da girmamawa har gida, a sa ta a ƙasan akwati tare da takardun gona.

To me likitan ke nema a jikin taga?

Hoton ƙirji ba irin hoton ɗaurin aure ba ne. Inuwa ce. Abin da ya tare hasken yakan fito fari, abin da ya bar shi ya wuce yakan fito baƙi. Ƙashi fari ne, ƙarfe ya fi shi fari, tsoka da ruwa da jini toka-toka, iska baƙa wuluk. Bahaushe na son fari: farin ciki, farin jini, farar aniya. A ɗakin hoto kuwa baƙin huhu ake yi wa murna, domin shi ne mai ɗauke da iska. Sai dai baƙin ma yana da iyaka, kamar yadda za a gani.

Tsofaffin malaman asibitocin koyarwa na Zariya da Kano da Sakkwato ba sa barin ɗalibi ya fara da huhu. Su ce karanta sunan tukuna, da kwanan wata, da harafin da ke nuna dama ko hagu. Abin kamar raini ne, amma an sha yi wa mutum magani da hoton wani, an kuma sha huda ɓangaren da lafiyarsa lau saboda an juya fim. Daga nan sai a tambayi hoton kansa ko ya cancanci a yarda da shi. Shin mai shi ya tsaya daidai, ko ya karkace? Ana ganewa daga ƙasusuwan nan biyu da ke kwance a gindin wuya: tazararsu da tsakiyar ƙashin baya ta zama ɗaya. Ya ja numfashi sosai? Sai a ƙirga haƙarƙari, shida ta gaba, ko tara zuwa goma ta baya. Wanda zafi ya hana shi cika ƙirji, huhunsa zai fito a cukurkuɗe, ya yi kama da na mai namoniya alhali ba ita ba ce.

Bayan haka ido ya bi hanya ɗaya kullum, wadda makarantu ke haddace wa ɗalibai da haruffan boko biyar na farko. Bututun iska: yana tsakiya, ko wani abu ya ture shi gefe? Huhu biyu, a gwada dama da hagu daga sama zuwa ƙasa, kamar mai duba kunya biyu a gona ɗaya. Zuciya: girmanta da gefunanta. Tantanin da ya raba ƙirji da ciki, wanda na dama ya ɗan fi na hagu tudu saboda hanta na ƙarƙashinsa. Sai ƙasusuwa, sai lungunan da cuta ke son ɓuya: bayan zuciya, ƙololuwar huhu, da ƙasan tantani. Wani likitan hoto na Amurka, Benjamin Felson, ya yi fice da wata dabara a 1950: idan gefen zuciya ya ɓace a hoto, to abin da ke maƙwabtaka da shi ya daina ɗaukar iska, ya cika da ruwa ko mugunya. Da ɓacewar layi ɗaya ake gane wane sashe na huhu ne ya kamu, daga cikin uku na dama da biyu na hagu.

Wannan duka karatun kwanciyar hankali ne. Sashen gaggawa kuwa wani wuri ne daban, kuma babur ne ya fi cika shi. Tun da acaba ta zama jakin zamani a ƙasar Kontagora, mai ɗaukar buhu biyu da mutum uku, raunin ƙirji ya zama abincin yau da gobe.

A ɗauki matashin da aka kwaso daga bakin titi ranar kasuwa. Yana haki, yana gumi, ya kasa haɗa kalmomi uku. Haƙarƙarin da ya karye ya tsaga huhu, iska na fita cikin kogon ƙirji, tana shiga ba ta komawa, kamar ana buga wa taya famfo. A hoto, ɓangaren zai fito baƙi ƙirin, babu zanen jijiyoyin da ake gani a lafiyayyen huhu, ga wani siririn layi da ke nuna inda huhun ya tsuke. Idan abin ya yi nisa, zuciya da bututun iska sun gudu ɗaya gefen. Hoto ne mai kyawun koyarwa, amma malamai kan ce da ɗalibai wannan hoton bai kamata a ce an ɗauke shi ba. Wanda ya kai wannan hali ba ya da mintunan zuwa ɗakin hoto. Likita zai sa abin awo ya ji gefe ɗaya shiru, ya ƙwanƙwasa ya ji yana amo kamar ganga, ya ga jini ya sauka, jijiyoyin wuya sun kumbura, sai ya soka allura nan take iskar ta fita da huci. An ce gani ya kori ji, amma a wannan gaɓar ji ne ke korar gani.

Ko wurin sukar ma ya canza. Shekara da shekaru ana koyar da a soka ta gaba, tsakanin haƙarƙari na biyu da na uku. Tsarin horon kula da masu rauni na ATLS, wanda wani likitan ƙashi, James Styner, ya assasa bayan jirginsa ya faɗi da iyalinsa a Nebraska a 1976, ya sauya shawara a bugunsa na 2018: ga babba, an fi son a soka ta gefe, wajen hammata, inda naman bai cika kauri ba.

Jini ya fi iska wayo. Idan mai rauni na tsaye ko zaune, jinin kan gangara ya cike kusurwar nan mai tsini da ke ƙasan huhu, kuma da ya kai kimanin mililita 200, wato bai kai rabin ledar fiya wata ba, ido zai gan shi. Amma wanda ya yi haɗari a kwance ake ɗaukarsa. Jinin sai ya malale a bayan huhu, hoton ya nuna ɗan hazo kawai a gefe guda, alhali lita guda ce kwance a wurin. Ɗalibi ya ce fim ne bai wanku ba. Gogagge ya ce a kawo tiyo. Idan aka zura tiyon jini ya zubo lita ɗaya da rabi a take, leda uku ke nan, magana ta koma ta tiyata. Kuma karayar haƙarƙarin ƙasa tana sa a tuna da maƙwabta, hanta a dama, saifa a hagu. Yara kuwa ƙashinsu na lanƙwasa bai karye ba, saboda haka yaro na iya zuwa da haƙarƙari lafiya lau, huhu a dagargaje.

Wani abin mamaki shi ne, hoton ƙirji ya ceci masu ciwon ciki da yawa. A ƙauyukan da ruwan sha ke daga rafi da buɗaɗɗiyar rijiya, taifot kan huda hanji a mako na biyu ko na uku na zazzaɓi, musamman ga yara. Gyambon ciki ma kan ɓule. Iskar da ta tsere daga hanji takan hau sama ta tsaya a ƙarƙashin tantani. Idan aka zaunar da mara lafiya na minti goma kafin a ɗauka, sai ta fito kamar jinjirin wata a saman hanta. A hagu akwai iskar tumbi, wadda halal ce, kada a ruɗe. Jinjirin watan dama kuwa ba ya buƙatar shawara: ruwa, maganin kashe ƙwayoyin cuta, sai ɗakin tiyata. Rashin ganinsa dai ba ya wanke ciki, domin ba kowace ɓula ce ke nuna kanta ba.

Akwai hoton da ƙasar Hausa ta koya wa duniya karanta shi. Mai jego ce, wata ɗaya ko biyu da haihuwa, ƙafafu a kumbure, ba ta iya kwanciya sai ta jingina. A hoto zuciyarta ta wuce rabin faɗin ƙirji, huhu ya jiƙe. A Zariya, likitoci biyu na Jami'ar Ahmadu Bello, Neil Davidson da Eldryd Parry, sun bi mata 224 masu wannan ciwo, suka wallafa sakamakon a 1978. Sun ɗora zargi a kan al'adun jego: kunun kanwa, wankan tafasasshen ruwa, da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta. Shekaru da dama bayan haka, binciken da Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranta a asibitocin Najeriya ya karkata hankali zuwa ga talauci, rama, da hawan jinin masu ciki, bai kuma sami al'adun da laifin da aka daɗe ana ba su ba. Hoton bai canza ba. Fassarar dalilinsa ce ta canza. A nan ma akwai tarko. Ƙa'idar rabin ƙirji ta wanda aka ɗauka a tsaye ce, haske ya shigo ta baya. Idan a gado aka ɗauka, haske ya shigo ta gaba, zuciya kan ƙara girma kamar inuwar hannu a bango idan an matso da shi kusa da fitila. An tsorata iyalai da yawa da kumburin zuciyar da babu shi.

Sai gyaɗa. Lokacin kaka, yaro ɗan shekara biyu na wasa kusa da masu ɓara, ya jefa ƙwaya a baki, ya shaƙe, ya yi tari kamar zai shiɗe, sannan ya lafa. Uwa ta ce, "Likita, wallahi tun ranar numfashinsa bai koma daidai ba." Hoto ya fito ba a ga komai ba, domin kwabo da ƙusa suna fita fari tas, gyaɗa kuwa ba ta tare haske. Abin da ake nema sawunta ne: huhu ɗaya, yawanci na dama, ya kumbura ya fi ɗan'uwansa baƙi, ko wani sashensa ya tsuke. Likitan da ya yarda da fim ya ƙi yarda da uwa, zai sake ganin yaron bayan makonni da namoniyar da ta ƙi jin magani.

Babban canjin da aka gani ta ƙofar tarin fuka ya shigo. Cutar na son saman huhu, inda take rarake kogo. Idan ta bi jini ta bazu, sai hoton ya cika da ƙananan ɗigo kamar an watsa gero a faifai. Sunan da likitocin duniya ke kiran wannan nau'i ma daga kalmar Latin ta gero ya samo asali. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu cutar, kuma da yawansu ba a taɓa gano su ba. Wannan ne ya sa kuɗi da fasaha suka biyo ta nan. Kamfanin Fuji na Japan ya fito da faranti mai aika hoto ga kwamfuta a 1983, ɗakin duhu ya fara mutuwa a hankali. Ƙungiyar KNCV ta ƙasar Holan ta shigo da manyan motoci masu ɗauke da injin hoto da na'urar gwajin kaki ta GeneXpert, Kano na cikin jihohin da suka zaga. Daga baya aka kawo injin da ake goyawa a baya kamar jakar makaranta, mai aiki da batir, wanda babur zai kai shi inda mota ba ta zuwa. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince manhajar kwamfuta ta karanta hoton ƙirji wajen tantance tarin fuka ga 'yan shekara 15 zuwa sama. Manhaja irin CAD4TB takan ba hoto maki daga sifili zuwa 100 cikin ƙasa da minti ɗaya. Wanda makinsa ya haura, a karɓi kakinsa. Idan an tabbatar, maganin wata shida kyauta ne.

Wannan ci gaba ne na gaske, kuma wanda ya taɓa kwana biyu a barandar asibiti yana jiran a gyara inji ba zai raina shi ba. Sai dai a faɗi gaskiya: kayan nan don farautar tari aka sayo su, da rana, cikin tsari, da kuɗin masu ba da tallafi. Matashin da aka kwaso da ƙarfe tara na dare ba ya cikin lissafinsu. A manyan asibitoci, shi na'urar sikanin ce ma ta fara karɓe aikin dubansa, domin a hannun wanda ya iya, ta fi hoton kwance saurin gano iska da jini a ƙirji, kuma a bakin gado ake yi.

Abin da ya fi shiga ƙauye shi ne wayar hannu. Ma'aikacin lafiya ya ɗauki hoton hoton, ya tura wa wani babba a Minna ko Sakkwato ta WhatsApp, amsa ta dawo kafin a gama ɗaura ruwa. An ceci rayuka da haka. Amma waya na matse hoto, hasken taga na wanke siririn layin da ake nema, kuma wanda ke can bai ga gumin mara lafiya ba, bai ji bugun hannunsa ba. Shi ma idon gwani yana da nasa rauni: da ya sami abu ɗaya sai ya ƙoshi. Ya ga karaya uku, ya manta da iskar da ke sama. A 2013 masu bincike a Boston suka saka ɗan hoton goggon biri a cikin hoton huhu na sitisikan, suka ba likitocin hoto 24 su nemo ƙari. Ashirin daga cikinsu ba su ga birin ba, har da waɗanda idonsu ya sauka a kansa.

Ambulan ɗin nan ruwan ƙasa ma ta fara ɓacewa. Yanzu wani a takarda ake buga masa, wani a faifai, wani a tura masa cikin waya, wayar ta faɗa ruwa ko a sayar da ita kafin shekara. Alhali idan dattijo daga Salka ya zo yana haki, aka ga tabo fari a saman huhunsa na dama, tambayar farko ita ce ko sabo ne ko tsohon tabon tarin da ya warke tun tuni. Babu manhajar da za ta amsa wannan kamar tsohon fim. Shi ya sa likitan da ya san aikinsa, bayan ya gama duba allo, yakan juya ga ɗan rakiya ya ce, "Malam, an taɓa yi wa Baba hoto a baya? Idan yana gida a akwati, a aika yaro ya kawo shi gobe da safe."